Waƙar nan ta rashin uwa: ni kaɗai ta yi wa haka?

Ƴar_Ader: Assalamu alaikum ƴan gida. Waƙar da na saka a sama, ta yaron nan da ya saba yi mana kiɗan biki, ita ta hana ni barci jiya. Ban ma san ya yi rashin mahaifiyarsa ba sai da na ji ta. Ni ma Innata wata 7 ke nan da rasuwa, a Tawa. Ranar jana'iza ban yi kuka ba, ranar uku ban yi ba, har mata suna nuna ni wai ga mai tawakkali. Jiya ina wanke-wanke a nan Yamai, sai ya zo wurin da yake ba da labarin an kwashe kujerun haya, an naɗe tabarmi, tsakar gida ta yi fayau, zanen tsohuwa kaɗai ya rage a kan igiya babu mai ƙarfin halin sauke shi. Wallahi kwano ya suɓuce mini. Na zauna daɓas a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun ranar. Gwaggona da nake zaune a wurinta ta fito ta ce in kashe, wai ba a tuna mamaci da kiɗa, Ƙulhuwallahu ake karanta masa. Ban musa mata ba. To amma ina tambaya, laifi na yi? Ku da kuka ji ta, haka ta yi muku, ko ni ce miki bai warke ba?

Bukoki_2: Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Ba ke kaɗai ba ce. Ni da uwata ke da rai ma, ina gama ji na kira ta babu dalili, har ta ce lafiya kuwa?

Hajiya_Lazare: Ɗiyata, Allah ya ba ki haƙuri. Kukan da aka danne ba ya ɓacewa, wurin zama yake nema a ƙirji. Gara da ya fito.

Tela_Wadata: Allah ya gafarta mata. Amma ni gaskiya zan faɗi abin da na gani. Yaron nan bai bari ƙasa ta bushe a kan kabarin uwarsa ba ya tara masu kyamara, aka ɗauke shi yana hawaye, an haska masa fitila ta gefe don hawayen su yi ƙyalli. Wanda ke cikin baƙin ciki na gaske yana da lokacin a ce masa sake, bai fito da kyau ba? Kasuwa ce kawai. Bara rawa ya sayar mana, bana hawaye.

Taksi_Yamai: Tela, ka bari. Shekaranjiya na ɗauko wani dattijo daga Katako, babbar riga, hula, ka gan shi ka san mai iyali ne. Harobanda zai je. Waƙar ta shigo a rediyo muna hawa gadar Kennedy. Na kai hannu zan sauya tasha don girmama shi, ya riƙe mini hannu. Bai ce komai ba har muka ƙetare. Na duba madubi na ga yana goge ido da hannun riga. Mun wuce inda zai sauka bai sani ba, ni kuma na kasa yi masa magana. Da ya sauka ya ba ni jaka guda ya ce in riƙe canji. In kasuwa ce, to shi wannan me aka sayar masa?

Tela_Wadata: Ai ban ce ba ta sa kuka ba. Albasa ma tana sa kuka.

Gimbiyar_Maraɗi: Kai Tela, Allah ya shirye ka 😂

Malam_Na_Zongo: Wa alaikumus salam. Ƴar_Ader, Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya sa kabarinta dausayi ne daga dausayoyin Aljanna. Tambayarki gida biyu ce, kada a cakuɗa su.

Na farko, kuka. Babu laifi a cikinsa ko kaɗan. Lokacin da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) yake gargarar mutuwa, idanun Annabi sun zubar da hawaye, har Abdurrahman bin Auf ya yi mamaki. Annabi ya nuna masa cewa wannan rahama ce: ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Yana cikin Bukhari. Kuma a Muslim akwai cewa ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa ya yi kuka har ya sa na kusa da shi kuka, alhali tun yana ɗan shekara 6 ta rasu. Ki lissafa shekarun da ke tsakani, sannan ki dubi wata 7 ɗinki. Abin da aka hana shi ne kururuwa, marin fuska, yaga tufafi da maganar da ke nuna ƙin hukuncin Allah.

Na biyu, kayan kiɗa. A nan malamai sun yi magana mai tsawo, da yawa sun hana, wasu sun sassauta da sharuɗɗa. Ni ba na saurare, kuma ba zan ce miki ki saurara ba. Maganar Gwaggonki tana da tushe: waƙa ba ta isa kabari, addu'arki ce take isa, da sadakar da kika yi da niyyarta.

Ƴar_Ader: Na gode Malam, Allah ya ƙara sani. Wannan ta kabarin mahaifiyar Annabi ban taɓa ji ba wallahi. Ta sanyaya mini rai.

Ɗan_Bagaji: Malam ya gama magana. A rufe zancen, a goge waƙar daga nan. Kiɗa kiɗa ne.

Makaɗi_227: Ba zan shiga fatawa ba, ba fagena ba ne. Amma Tela ya taɓo sana'ata, dole in ce wani abu. Wanda ya san yadda mawaƙi ke ci a ƙasar nan ya san ba YouTube ke ciyar da shi ba. Biki ne, da suna, da liƙi, da taron ƴan kasuwa. Wa zai gayyace ka bikin ɗiyarsa ka zo ka rera mutuwar uwa? In lissafin kuɗi ne, wannan waƙar asara ce: ya biya sitidiyo, ya biya masu ɗaukar hoto, kuma ba za ta shigar da shi gidan biki ko ɗaya ba.

Sannan ku sake saurare da kunnen basira. Babu kalangu, babu ganga, babu abin da zai sa ƙafa ta motsa. Fiyano ne a hankali, sai a baiti na biyu gurmi ya shigo kamar mai sallama daga zaure. Abin da ya fi burge ni, ya bar na'urar gyaran murya. Duk waƙoƙinsa na baya muryarsa a goge take tas kamar ƙarfe. A nan kuwa akwai inda ta karye, numfashi ya ƙare masa kafin ƙarshen layi, kuma ya bar shi haka. Duk mai aikin sitidiyo zai ce a sake ɗauka. Shi ya ƙi.

Tela_Wadata: Ko kuma ya san karyewar ce za ta sayar.

Makaɗi_227: To in haka ne, ya fi mu duka wayo, sai mu sara masa.

Abijan_Ajame: Ni ban iya dogon rubutu ba amma wagga magana ta tashe ni. Shekarata 11 nan Abijan ina bida, kamar sauran Adarawa. Babana ya rasu da hantsi, kahin la'asar an kai shi. Ni saƙon murya na ishe cikin salula bayan na taso daga kasuwa. Ban ga gawa ba, ban ɗauki makara ba, ban zuba ƙasa ba. Da na tahi gida bayan wata 5, kowa ya gama kukanshi, ana ta hidimar damina. Na zamna a zaure, mutane na zuwa suna ce mini ya haƙuri, ina cewa haƙuri sai ma'aiki, shi ke nan. Ina za ni kai nawa kukan? Namiji da gemu? Wanga yaro ya hwaɗi abin da na kasa hwaɗi. Mu shida muke kwana ɗaki guda, daren jiya wani ya saka ta, babu wanda ya dubi wani.

Hajiya_Lazare: Allah ya jiƙan Baba. Ɗana, ka taɓo inda nake son zuwa.

Ni na yi takaba, wata 4 da kwana 10, kamar yadda Alƙur'ani ya ce. Mutane suna ganin ta wahala ce, kuma akwai wahala, amma yau da na waiwaya na ga rahama ce. An ba ni lokaci. Babu mai cewa in yi kwalliya, babu mai cewa in je biki in yi dariyar dole. In na yi shiru an san dalili. Amma ɗiyar da ta rasa uwa fa? Kwana 3 a naɗe tabarma, ta koma aiki, ta koma girki, ta koma yi wa miji fara'a. Namiji kuwa ko kwana ukun ba nasa ba ne, shi ke tsaye a kan shinkafar baƙi da kuɗin rumfa. Addini ya iyakance kwanakin zaman makoki, gaskiya ne, amma bai ce zuciya ta daina ciwo ranar huɗu ba. Mu ne muka mai da kalmar haƙuri kamar murfin tukunya, da mutum ya buɗe baki sai mu rufe shi da ita. Ni ba mai jin waƙoƙin zamani ba ce, jikata ce ta kunna mini wannan. Ban ga abin da ya faɗa na saɓo ba. Bai ce don me ba. Kewa kawai ya yi.

Ɗan_Bagaji: Hajiya, da girmanki. Babu maraya sai rago. Mutum ya tashi ya nemi na kansa, ya yi wa iyaye addu'a, ba ya zauna yana jan hanci da fiyano ba.

Hajiya_Lazare: Ɗana, iyayenka suna da rai?

Ɗan_Bagaji: Alhamdu lillahi, duka biyun.

Hajiya_Lazare: Allah ya ja da ransu. Mu bar maganar a nan.

Malama_Lakwal: Masu ganin waƙar rashi baƙon abu ne da ya shigo da intanet, a koma tarihi kaɗan. Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙin marsiyya ba ɗaya ba, har da ta ɗan'uwanta Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, da ta mijinta Giɗaɗo. Malama ce ta gaske, ba ta ga cewa faɗin kewa a cikin baiti ya rage mata imani ba. Kafin ita akwai Khansa'u a Larabawa, da marsiyyar ɗan'uwanta Sakhru aka san ta. Kuma shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, a littattafan sira shekarar baƙin ciki ake kiranta. Shekara fa, ba kwana uku ba.

Malam_Na_Zongo: Malama, duk abin da kika kawo haka yake. Sai dai a yi adalci, su baitoci suka yi, ba su haɗa da fiyano ba. Saɓanin a kan kayan kiɗan yake, ba a kan kalmomin ba.

Malama_Lakwal: Na yarda Malam. To da zai fitar da ita da murya zalla, ka saurara?

Malam_Na_Zongo: In kalmomin suna nan yadda kuke faɗi, ban ga abin da zai hana ba.

Makaɗi_227: Wannan shawara ce mai kyau wallahi. Muryar kaɗai ma za ta iya ɗaukar waƙar.

Dattijon_Illela: Ku yara kuna ta gardama kamar yau aka hwara. Mu da muka ga zamanin su Ɗan Gurmu a Tawa, wanda har gasar waƙa aka sa wa sunanshi, mun san makaɗi ba ya gama wasa bai ambaci waɗanda suka riga mu ba. Ana tsakiyar kiɗi sai ya sassauta, ya shiga jero su, Allah jiƙan wane, Allah jiƙan wance, mutuwa rigar kowa. Sai ka ga hili ya yi tsit, wanda aka ambaci ubanshi ya sunkuyar da kai ya taso ya yi kari. Bambancin guda ne: su manyan mutane suke ambata, masu sarauta da masu dukiya. Wanga yaro tsohuwa mai saida ƙosai ya yi wa, da zanenta da kaskonta. Shi ya sa kowa ya ga tashi uwar a ciki.

Gimbiyar_Maraɗi: Baba ka faɗi gaskiya. Amma bari in ba ku labarin abin da ya faru ranar Asabar a wani biki a Talaje. Mai saka kiɗa, ban san me ya shiga kansa ba, ana shirin kai amarya ya saki waƙar nan. Ashe amaryar marainiya ce, uwarta ta rasu tana aji uku. Yarinya ta fashe da kuka, ba irin kukan amare na al'ada ba, na gaske, har kwalliya ta wanke. Ƙannen uwar suka kama, wuri ya rikice. Dangin ango suka taso wa mai kiɗa kamar su cinye shi, wai ya kawo musu mugun fata. Da ƙyar ya tsira da kayansa.

Bukoki_2: Wannan kam ya yi wauta. Kowace waƙa da muhallinta.

Taksi_Yamai: Ni kuma na ce ƙila ita amaryar ta gode masa a zuci. Ranar da ta fi son ganin uwarta ke nan, kowa yana yi kamar ya manta.

Zabarma_Gande: Ba wanda ya yi maganar baiti na uku da ya yi da Zabarmanci. Ku da ba ku ji sosai, a nan ne ya fi kashe jiki. Yana ba da labarin har yanzu in ya sayi goro sai ya ware nata, sai ya kai ƙofar gida ya tuna. Na ji daɗi da ya haɗa harsunan biyu, haka Yamai take.

Ɗan_Ƙwanni: Baitin Zabarmanci ba matsala. Amshin da ya cusa Faransanci a ciki ne ya ɓata mini. Tsohuwar da ko lakwal ba ta shiga ba, ka yi mata kuka da harshen da ba ta ji? Tun 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci na aiki ne kawai. Kuka kuma ba aikin ofis ba ne.

Zabarma_Gande: Kada ka jawo mana wannan rigimar nan don Allah, ta ishe mu a fada. Layi biyu ne kacal, kuma yana son na Abijan da Kotonu da Lome su ji.

Abijan_Ajame: Mu na Abijan da Hausa muka ji ta.

Mai_Kula_Da_Zaure: Jama'a, a bar zancen harshe, an buɗe masa wuri daban tun watan jiya. Baiwar Allah ta yi tambaya a kan rashin mahaifiyarta. Ɗan_Bagaji, ba za a goge waƙar ba, wanda ba ya so kada ya danna.

Nas_Ta_Dare: Ni abin da ke damuna ba waƙar ba ce, abin da ake yi da ita ne. Ku shiga TikTok ku gani. Yarinya ta sha kwalliya, ta ɗora sautin, tana juya ido tana gyara ɗankwali, uwarta kuwa tana tsakar gida tana daka. Wannan da sauƙi. Mafi muni, masu ɗora ta a kan hoton mamaci yana gadon asibiti da robar hanci, wani har da likkafani. Ina aikin jinya, na sha ganin dangi suna ɗaukar hoton mutum yana cikin halin da shi kansa ba zai so a gan shi ba. Yanzu sun samu kiɗan da za su raka shi da shi. Mamaci yana da sutura, a bar masa ita.

Tela_Wadata: Yauwa. Abin da nake faɗi ke nan tun ɗazu aka mai da ni mugu.

Nas_Ta_Dare: A'a Tela, kai mawaƙin ka zarga, ni masu ɗorawa nake nufi. A bidiyonsa ko hoton uwar bai nuna ba, igiya da zane kawai.

Tela_Wadata: To, wannan na ba shi. Ban lura ba sai da kika faɗa.

Sojan_Gona: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Mahaifiyata ta rasu a farkon Afrilun 2020, lokacin da aka killace Yamai saboda korona, ba shiga ba fita, ga dokar hana yawon dare. Tawa tafiyar yini guda ce, Doso, Dogon Dutsi, Ƙwanni, ka karkata a Tsarnawa, hanyar da na bi ba adadi. Ranar nan ta zame mini kamar bangon duniya. Ta waya na ji ana sallar gawa. Shekaru ke nan ina cewa na haƙura. Na ji waƙar sau ɗaya, na goge ta daga salulata, kuma ba zan sake ji ba. Ba don ba ta da kyau ba. Don ta yi kyau da yawa ne. Ƴar_Ader, in kin ga tana mai da ke baya kullum, ki ajiye ta. In kuma sauke miki nauyi take yi, ke kika san inda ɗakinki yake yoyo.

Hajiya_Lazare: Allah ya jiƙanta. Kuma ɗiyata, kada ki riƙe Gwaggonki a rai. Ƙanwar babanki ce ko ta wajen Inna?

Ƴar_Ader: Ƙanwar Baba ce, Hajiya, amma tare suka yi zaman gida ɗaya da Inna shekara da shekaru, ba a jin kansu. Abin da ban faɗa muku ba, da asuba na fito alwala na same ta zaune a kan darduma tana kuka ita kaɗai. Da ta gan ni ta ce hayaƙin maganin sauro ne. Ban ce komai ba, na zauna kusa da ita har gari ya waye.

Gimbiyar_Maraɗi: Allah sarki Gwaggo 😭

Ɗan_Bagaji: Ni dai ina nan a kan bakana game da kiɗa. Amma maganar rago da na yi, Hajiya da Ƴar_Ader ku yafe ni, ban auna ta ba.

Hajiya_Lazare: Ya wuce, ɗana.

Tela_Wadata: Ni ma ina nan a kan nawa. Mu ga waƙar da zai fitar bayan wannan, a nan za a gane.

Ƴar_Ader: Na gode muku duka. Tun da aka yi arba'in ɗakin Inna yake kulle, makullin yana cikin jakata, yayyena sun yi ta fama in zo a raba kayanta ina cewa aiki. Na sayi tikiti, Juma'a da asuba zan bi motar Tawa, Gwaggo ta ce za ta raka ni. Mai saƙo zuwa gida ya kawo kafin Alhamis da dare, amma ban da kaya mai nauyi.

Abijan_Ajame: Ƙanwata, in kin shiga maƙabarta ki haɗa da Babana cikin addu'a. Ba sai kin san kabarin ba.

Ƴar_Ader: In sha Allahu, Yaya.

Bukoki_2: Allah ya kiyaye hanya. In za ki dawo ki taho mini da cuku na jaka biyu, zan tura miki kuɗin.